Kuɗin Marayu a Asusun Albashina

A makon jiya ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa cikin murna ya ce, "Kawu, dubi yadda jama'a ke turo taimako." Hoton wani yaro ne mai ciwon ƙoda kwance a gadon asibiti, an ɗora shi a Facebook da TikTok, a ƙasan hoton kuma ga lambar asusun ɗan nawa, da sunansa shi kaɗai. Na daɗe ban ce uffan ba, domin hanyar da ya kama na taɓa bin ta, na kuma san inda take ɓullewa.

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kafa ƙungiyar tallafa wa marayu a unguwarmu a Kano. Muka buga katin gayyata, muka kama ɗakin taro, muka sa ranar ƙaddamar da gidauniya, da uban taro da babban mai ƙaddamarwa. Attajirai da 'yan siyasa suka riƙa miƙewa suna faɗin alkawari a lasifika, jama'a na kabbara. A daren nan na haɗa jimillar alkawuran kamar kuɗi ne a hannuna, washegari na bi gidajen matan da mazajensu suka rasu ina yi musu albishir cewa maganar kuɗin makarantar 'ya'yansu ta ƙare. Ko rabin abin da aka faɗa bai shigo ba. Na shafe watanni ina zaman benci a ƙofar gidajen masu alkawari, kullum ana ce mini Alhaji ya yi tafiya.

Ɗan abin da ya samu kuwa asusun albashina ya shiga. Hujjata ita ce banki ba ya buɗe wa ƙungiya asusu sai ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ta kawo sunayen amintattu da tsarin mulkinta, alhali marayu ba za su iya jiran takarda ba. Har gobe ina ganin akwai gaskiya a wannan magana, domin yaran da muka mayar makaranta a zangon farko da an jira rajista da sun zauna a gida. Sai dai daga nan na fara cire kuɗin mai da na katin waya, ina kafa wa kaina hujja da aya ta 60 ta Suratut Tauba, wadda ta sa ma'aikatan zakka cikin kashi takwas na masu haƙƙi, ina sane da cewa ba zakka nake tarawa ba, kuma babu hukumar da ta naɗa ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar wata yarinya da muka tara wa kuɗin aikin tiyata, Allah Ya yi mata rasuwa kafin ranar aikin. Na karkatar da kuɗin zuwa biyan makarantar da na riga na yi alkawari, ban tuntuɓi waɗanda suka bayar ba, ban kuma sanar da uwarta ba. Ban gina gida da kuɗin ba, ban sayi mota ba, marayu ne dai suka amfana. Amma ranar da matar ta tsaya a zaure ta ce, "Malam, ai da sunan 'yata aka tara," ba ni da littafin lissafi da zan buɗe mata. A kan wannan ƙungiyar ta watse.

Na shirya wa ɗan ƙanwar tawa nasiha mai tsawo, amma kaɗan ce ta fito. Na ce ya cire lambar asusunsa a yau, a biya asibiti kai tsaye a karɓi rasit, ko a buɗe asusun da kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu, kuma ya rubuta duk kwabon da ya shigo da wanda ya fita. Na ce ya sauke fuskar yaron, domin aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ina faɗa na tuna mutanenmu ba sa sa hannu a aljihu sai sun ga ciwo da idonsu, sai na koma na ce ya bar hoton idan uwar ta amince.

Abin da ke ba ni haushi da yaran yanzu shi ne kullum neman taimakon gaggawa suka sani, ba sa tambayar yadda alheri ke ɗorewa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya yi waƙafi da ita. Gidauniyar Aliko Ɗangote, wadda aka kafa a 1994, an ware mata dala biliyan 1.25 a 2014 don ta tsaya da ƙafarta. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi (wato waƙafi) tun 2003, amma da na tambayi ɗan nawa ko ya taɓa kai mata maganar yaron, ko inda ofishinta yake bai sani ba.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Kawu, zan gyara." Kafin ya rufe baki wayar ta yi ƙara, saƙon banki ya sake shigowa, idonsa ya koma kanta.