Ranwen Ikeja ya sangarta mu

Duk wanda ke zaune a Agege ya san ƙarar jirgi kamar yadda ya san kiran sallah, manyan jiragen nan suna wucewa ta saman kwanon gidajenmu su je su sauka a filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, inda doguwar ranwen, wato titin saukar jirage, ta kai wajen mita 3,900, ƙaramar ma ta haura mita 2,700. To ni da nake tuƙa ƙaramin jirgi, Cessna 172, mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, irin wannan titi ai shagwaɓa ne tsantsa. Ka zo da gudu fiye da kima, ka yi ta shawagi a saman kwalta, ka dire inda ka ga dama, har yanzu kana da kilomitoci a gabanka. Babu mai ce maka ka yi laifi, kai ma sai ka ɗauka ka iya.

Shi ya sa kwanan nan duk kuɗin da na samu na haya da mai nake zuba su a abu ɗaya, wato koyon sauka a gajeren fili. Ba a Ikeja ba fa, nan wa zai bar ka kana zagaye kana taɓa ƙasa kana tashi alhali jiragen fasinja na jere a bayanka, sai dai mu fita wajen gari inda sama ba cunkoso, ni da malamina, wani dattijo da ya yi karatunsa a kwalejin tuƙin jirgi ta Zariya tun ina yaro. Burina dai wata rana in iya shiga irin filayen nan na ƙauye da na kan tsauni, masu jar ƙasa ko ciyawa, da bishiyoyi tsaye a bakinsu.

Littafin jirgin ya faɗi komai ƙarara. Samfurin 172S da cikakken lodi, a daidai tsayin teku, babu iska, kan busasshiyar kwalta, daga inda taya ta taɓa ƙasa zuwa tsayawa ƙafa 575 ne, wajen mita 175 ke nan. In kuwa sai ka tsallake wani abu mai tsayin ƙafa 50, bishiya ce ko falwaya, jimilla ƙafa 1,335, mita 400 da ɗan ɗori. Amma wannan lissafi matuƙin gwaji na kamfani ne ya fitar da shi da sabon jirgi da sabon birki, ni da kai sai mu ƙara masa rara mai kauri kafin mu yarda da shi.

Abokaina a teburin mai shayi da na ba su labari sai wani ya ce to ai birki ne kawai, ka taka da ƙarfi. Wallahi da haka ne da kowa ya iya. Birki shi ne na ƙarshe kuma shi ne mafi ƙarancin tasiri, maganar gaba ɗaya a gudu take, kuma tun kana sama nesa da fili ake yanke ta. Ana sauke filaf, wato marfin bayan fiffike, duka, digiri 30, a riƙe gudu a nots 61 cif (nots ne ma'aunin gudun jirgi), ba 65 ba, ba 70 ba. Hancin jirgi ne ke riƙe maka gudun, totur kuma shi ke cewa ka gangara da sauri ko a hankali, in ka ga kana yin ƙasa da yawa ka ɗan ƙara wuta, kada ka ɗaga hanci don nan ne mutane ke kai kansu bakin faɗuwa. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana jawo ƙarin kusan kashi 20 a tsawon filin da za ka ci, domin in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin tafiya ninkuwa yake sau huɗu. Sannan ga wani abu da sai ka zauna a kujerar za ka ji shi a jikinka: dab da ƙasa iskar da ke ƙarƙashin fiffike tana tallabe jirgi, in ka zo da rarar gudu sai ya ƙi sauka, ya yi ta lilo taku kaɗan sama da ƙasa kana kallon fili na wucewa. A nots 60 kana cin wajen mita 30 duk daƙiƙa ɗaya. Lilon daƙiƙa uku, mita 90 sun tafi, a filin da dududu bai wuce mita 500 ba.

Yadda muke yi, tun kafin mu juyo malam zai nuna wani zane a kan titin ya ce nan ne bakin filinka, duk abin da ke kafinsa rami ne. A jarrabawar Amurka mai neman lasisin farko dole ya dire cikin ƙafa 200 bayan wurin da aka nuna masa, mai neman na kasuwanci ƙafa 100, kuma ko taku ɗaya ba a yarda ka dire kafin wurin ba, to da wannan ma'aunin yake auna ni. Ba ya surutu. Yatsansa kawai zai ɗora kan gilashin agogon gudu ya ƙwanƙwasa sau biyu, na san allura ta haura ke nan. In ya yi magana to "yaro, gudunka" ne, ni kuma "to Malam", tafin hannuna duk gumi a kan sitiyari saboda cikin jirgin nan da rana tanda ne, ba esi. Da tayoyin baya sun zauna, totur yana ƙasa gaba ɗaya, sai a janye filaf domin nauyin jirgi ya sauka kan taya birki ya samu abin kamawa, a ja sitiyari baya har ciki, sannan a taka birki da ƙarfi amma ba har taya ta kulle tana jan ƙasa ba, in ta kulle ka ƙone roba kuma ka ƙara tsawo.

Zafi ma yana da nasa. Lissafin littafi na farko a kan digiri 15 aka gina shi, mu kuwa a Legas 32 ba labari ba ne, kuma kowane digiri ɗaya na ƙari kamar an ɗaga filin ne ƙafa 120, ka ga ke nan muna bakin teku amma jirgi ji yake yana wajen ƙafa 2,000. Je ka Jos da filinta ke sama da ƙafa 4,200, rana ta ɗan yi zafi jirgi ya ji kamar ya haura 6,000, agogo zai nuna maka 61 ɗinka daidai amma a ƙasa gudunka ya fi haka sosai, fili ya ƙara gajarta ba tare da an yanke masa ko taku ba. Balle tsaunin Mambila. Iska kuma, ta gaba nots 9 tana rage maka kashi 10, amma ta baya nots 2 kacal ke ƙara kashi 10, dubi rashin adalci. A daji kuwa ba lallai ka samu tutar iska ba, sai ka duba hayaƙin girki ko yadda bishiya ke kaɗawa.

Na san masu kallon bidiyon gasar Valdez ta Alaska, inda ake dire ƙaramin jirgi irin Super Cub cikin 'yan taku, za su ce wannan duk wasan yara ne. Ina kallo ni ma, yana burge ni, amma waɗannan jirage ne da aka rage musu nauyi aka sa musu manyan tayoyi, ga sanyi ga iskar gaba, kuma matuƙan sun shekara suna yi. Wanda ya kwaikwaye su da jirgin haya a zafin Najeriya ya nemi wahala da kuɗinsa.

Abin da kwalta ba za ta koya min ba shi ne ita ƙasar kanta. Littafi ya ce busasshiyar ciyawa ka ƙara kashi 45 na tafiyar ƙasa, jiƙaƙƙiya kuwa birki kusan ado ne. Jar ƙasa da damina ta zama taɓo, gara ta gina suri a tsakiyar fili cikin 'yan kwanaki, ga shanu ga yara masu ƙwallo, ga hazon hunturu da ke ɓoye bishiya sai ka zo kanta. Don haka ake fara wucewa ƙasa-ƙasa a leƙa fili kafin a sauka, a kuma ƙudurta tun a sama cewa in taya ba ta zauna kafin wuri kaza ba, wuta duka, a tashi a sake zagayowa. Malam ya fi yaba min ranar da na fasa sauka da kaina fiye da ranar da na dire daidai kan zane. Wasu filayen kan tsauni ma ƙofa ɗaya gare su, ta inda ka shiga ta nan za ka fita, akwai inda in ka wuce shi babu sauran fasawa, kuma irin waɗannan ya ce ko da wasa ba zan je ni kaɗai ba sai da wanda ya san filin a kujerar dama.

Man avgas, wato fetur na ƙananan jirage, tsada gare shi kuma ba ko'ina ake samu ba, awa ɗaya a sama tana cinye abin da zai riƙe gida kwanaki, uwargida ma ta fara yi min kallon nan. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu ciyawa za mu gwada, in ruwa bai sauka ba.