Raƙuman dawa a filin jirgin Agadas

Yau Talata na raka yayana filin jirgin Mano Dayak, zai koma Yamai. Jirgin ya yi latti, zafi kuma kamar ana hura wuta, sai na ja hannun Habibu, ɗansa mai shekara 8, muka je wajen raƙuman dawan nan na ƙarfe da ke filin.

Sau nawa ina wuce su ban tsaya ba. Kwafi ne da aka zuba da alminiyom daga zanen da ke jikin dutsen Dabous, kan hanyar Arlit. Su biyu ne, babba da ƙarama, babbar ta haura mita 5. Mutanen da suka sassaƙa na asalin sun yi aikin shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da wannan ƙasa ke da ruwa da ciyawa. Na sa yatsa ina bin ɗigon jikinta, kowane da irin siffarsa. Daga bakinta wani layi ya sauko har kan wani ɗan mutum ƙanƙane a ƙasa. Na daɗe ina kallon layin nan.

Habibu ya ce, "Baffa, da gaske akwai wannan dabbar?"

Tambayar ta taɓa ni sosai. Yaro ɗan Nijar, bai san ƙasarsa ce kaɗai ta rage da wannan irin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma ba. Na gaya masa suna nan a Kure, kusa da Yamai, suna yawo tsakanin gonaki. A 1996 saura 49 kacal, yanzu sun wuce 600. Na kuma gaya masa a 2018 an ɗauko 8 a manyan motoci aka kai su dajin Gadabeji, can wajenmu a jihar Maraɗi, inda kakarmu take cewa tana yarinya tana ganinsu kafin fari ya kore su.

Abin da ban faɗa masa ba shi ne yadda ake sare itacen dajin Kure ana lodin motoci zuwa Yamai. Ganyen gawo da aduwa ne abincinsu. In itace ya ƙare sai su faɗa wa waken manomi, manomin kuma ba zan ga laifinsa ba in ransa ya ɓaci, shi ma da iyalin da zai ciyar.

Da magariba na kira ƙanena a gida. Akwai gawo biyu a gonarmu da muka yi maganar sarewa bayan girbi. Na ce masa ya dakata har in dawo. Habibu kuwa ya kwana da hoton a wayar uwarsa, ya sa na yi masa alkawarin Kure in an yi hutu.