"Cire Min Faswod, Kashe Min Afdet": Aikin da Muka Fi Yi a Kamfaninmu

Kamfaninmu ƙarami ne, a Kano yake, ni da 'yan yarana da nake koya wa sana'a. Mukan sayar da kwamfuta ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, idan mutum ya ba da sautu, mu ɗauko a Beirut Road ko mu sa a aiko daga Ikeja, amma ba wannan ne ke riƙe da mu ba. Abincinmu yana wajen kula da kwamfutocin jama'a: masu kemis, makarantu masu zaman kansu, shagunan buga takardu, da ofisoshin 'yan kwangila da ba su kai ƙarfin ɗaukar ma'aikacin kwamfuta na dindindin ba. Wata-wata ake biyan mu, mu kuma alƙawarinmu shi ne idan aka danna maɓalli da safe, na'ura ta tashi a kama aiki.

Mutane na zaton sana'ar duk kwance sukurori ce da canja batir. Wannan akwai shi, amma yawancin yininmu a cikin saitin Windows yake ƙarewa, kuma buƙatu biyu ne suka fi zuwa mana. Na farko ya ce, "Malam, cire min faswod ɗin nan, ya ishe ni." Na biyu ya ce, "Don Allah kashe min afdet gaba ɗaya, yana cinye min data." Ta farko nakan biya ta a wasu wurare, in ƙi a wasu. Ta biyu kuwa ba na yin ta yadda aka nema, ko nawa za a ba ni, sai dai in nemo wa mutum hanyar da za ta raba shi da damuwar.

Masu neman kwamfuta ta shiga da kanta ba tare da kalmar sirri ba suna da hujja, kuma ba na raina ta. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita babu sallama, kwamfutar da ke riƙe da firintar shago ko manhajar lissafin kaya tana mutuwa ta tashi sau da yawa a yini. Idan duk tashi sai an nemo wanda ya san kalmar sirri, shi kuma ya tafi masallaci ko banki, ciniki ya tsaya ke nan. Haka na'urar da ke nuna hotunan kyamarorin tsaro, ko allon da ke nuna lambar layi a ɗakin jira. Waɗannan ba wanda ke zama a gabansu, ana so ne kawai su dawo bakin aiki da zarar wuta ta dawo. A irinsu mukan shiga saitin BIOS, wato saitin cikin na'urar da ke tashi kafin Windows, mu umarci na'urar ta kunna kanta idan wuta ta zo, sannan mu saita Windows ta shige kai tsaye.

Hanyar da kowane yaron shago ya sani ita ce a rubuta netplwiz a akwatin binciken Windows, a tagar da ta buɗe a cire alamar da ke kan layin da ya ce dole sai an sa suna da kalmar sirri, a rubuta kalmar sau biyu, shi ke nan. A sababbin Windows 10 da Windows 11 wani lokaci ba za ka ga wannan layin ba sam, sai ka fara kashe sharaɗin shiga da Windows Hello, wato shiga da PIN ko yatsa ko fuska, a wajen zaɓuɓɓukan shiga. Da yawa idan suka nema suka rasa sai su zarce cikin rajistar Windows, inda take ajiye saitukanta, a sashen Winlogon, su rubuta sunan da kalmar sirrin da hannu. Wannan na hana yarana yi. Kalmar tana zama a can a fili, harafi bayan harafi, duk wanda ya san inda zai leƙa zai karanta ta, kuma mutanenmu sau da yawa kalma ɗaya suke amfani da ita a kwamfuta da imel da Facebook. Mu ƙaramar manhajar nan Autologon muke amfani da ita, ta cikin kayan Sysinternals da Microsoft ke bayarwa kyauta, domin ita tana ɓoye kalmar kafin ta ajiye. Ko ita ma mai cikakken iko a kan na'urar zai iya tono kalmar idan ya san aiki, don haka kalmar da muke sa wa irin wannan asusu ba ma bari a maimaita ta a ko'ina.

Kuma ba asusun maigida muke buɗewa ba. Sabon asusu muke ƙirƙira, mai ƙaramin iko, wanda ba zai iya sa manhaja ko cire ta ba, babu imel a cikinsa, babu kalmomin sirri da aka adana a burauza. Shi ne zai riƙa shiga da kansa. Asusu mai cikakken iko yana nan daban da kalmarsa, a hannun mai wurin.

Inda nake tsayawa in ƙi shi ne kwamfutar da ke ɗauke da takardun mutane. Wanda bai taɓa gyaran kwamfutar shagon buga takardu ba ba zai san yawan amanar da ke kwance a cikinta ba: takardun NIN, lambobin BVN, hotunan fasfo, sakamakon WAEC da NECO, takardun fili, takardar asibiti, har wasiyya. A makaranta kuma akwai sunayen yara da adireshin gidajensu da lambobin iyayensu da wanda ya biya kuɗi da wanda ake bi. Wata Hajiya mai makaranta ta taɓa ce min in cire kalmar sirrin kwamfutar ofishin kuɗi, wai ma'ajinta yana yawan mantawa. Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, ofishin nan mai shara na shiga, direba na shiga, ɗalibai na kawo rajista. Idan jerin iyayen da ake bi bashi ya fita gari, wa za a kama?" Ta yi shiru, ta ce to yaya za a yi da mantuwar. Muka sa masa lambar PIN, wadda a kan wannan na'urar kaɗai take aiki, muka saita allon ya kulle kansa idan aka bar shi 'yan mintuna, muka koya masa danna maɓallin Windows da L duk lokacin da zai tashi. Tun Yunin 2023 Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a, kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Amma ni ko babu doka, wanda ya miƙo maka takardar gidansa ka buga masa ya ba ka amana ne. Laftof da ake yawo da ita a jaka ma haka, ba na sa mata shiga kai tsaye, domin ranar da ta ɓata a Adaidaita Sahu komai na ciki ya tafi tare da ita a buɗe.

Akwai wata shigar kai tsayen ta daban da ke rikita mutane. A wajen zaɓuɓɓukan shiga akwai maɓallin da ke ba Windows izinin amfani da bayanan shigarka don ta ƙarasa aikinta bayan sabuntawa, wato afdet. Idan yana kunne, na'urar za ta sake tashi, ta shiga asusun wanda ya yi aiki a ƙarshe, sannan ta kulle allon. Ba ƙofa ta bari a buɗe ba, har yanzu sai an sa kalmar sirri. Ga mai kwamfutarsa shi kaɗai abu ne mai kyau, ina barin sa. A na'urar da mutum uku ko huɗu ke rabawa kuwa kashe shi nake yi, tare da ɗan'uwansa mai dawo da manhajojin da aka bari a buɗe, domin sai ka tarar asusun wani na gudana a ɓoye yana cin ƙarfin tsohuwar na'ura mai RAM giga 4, wanda ya zauna yana ta ƙorafin nauyi.

Maganar sabuntawa ita ce ta fi zafi, domin kuɗi take taɓawa. Waɗannan tsare-tsare an yi su ne da tunanin wuta ba ta yankewa kuma intanet ba a auna shi. Mu kuwa data saye muke yi da giga, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Fetur ɗin janareta ma kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Mutum ya zo rufe shago, allo ya rubuta kada a kashe kwamfuta, janareta na shan mai yana tsaye yana jira. Ko kuma ana tsakiyar aikin a ɗauke wuta, kwamfutar tebur da ba ta da UPS, batirin da ke riƙe ta idan wuta ta ɗauke, ta mutu, gobe ta ƙi tashi. Wanda ya sha wannan ya zo yana cewa a kashe masa abin baki ɗaya, na fahimce shi sarai.

Sai dai kashewar gudun gara ne a faɗa gidan zago. A ranar 12 ga Mayun 2017 cutar kwamfutar nan WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ɓarakar da ta bi ta shiga, Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris na wannan shekarar. Waɗanda abin ya ci, yawancinsu ba su sa gyaran ba ne. Shagon da ake soka filashi daga hannu daban-daban tun safe har dare, ana buɗe imel ɗin mutane a kai, ya fi kowa buƙatar waɗannan gyare-gyare. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga masu gyara suna karɓar kuɗi su toshe sabuntawa har abada da wata manhajar da ba a san asalinta ba, su sallami mutum yana murna. Kuɗin ka samu, amma ka cuce shi bai sani ba.

Abin da muke yi shi ne mu ƙwace lokacin daga hannun na'ura mu mayar da shi hannun mai ita. Gyare-gyaren tsaro na Windows suna fitowa ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, tsarin da ake kai tun 2003, kuma a agogonmu wajen magariba suke sauka. Tunda an san ranar, ana iya shiri. Muna gaya wa Windows sa'o'in aikin wurin, tana karɓar har sa'a 18 a yini, kuma a cikinsu ba za ta sake tashi da kanta ba. Muna sa wa layin intanet alamar cewa na awo ne, wato data ake saya, sai ta daina sauke yawancin abubuwa ba da izini ba, ko da yake takan sauke wasu 'yan kaɗan masu muhimmanci. Akwai kuma dakatarwa, wadda ke kaiwa kwana 35, daga nan sai an sabunta kafin a sake dakatarwa. Wannan ita muke amfani da ita lokacin jarabawa a makarantu, ko makon da shago ke cike da masu buga takardun neman aiki. Masu Windows Pro suna da ƙarin iko ta gpedit, wajen tsara ƙa'idojin na'ura, inda za a ce ta sanar kafin ta sauke komai. Windows Home ba ta da wannan.

Ba ma sa gyara a daren da ya fito. Sabuntawa ma takan zo da tata matsalar: a Oktoban 2018 sai da Microsoft ta janye wata babbar sabuntawar Windows 10 bayan an samu rahoton ta goge fayilolin wasu. Don haka mukan fara da na'ura ɗaya a shagonmu, mu gwada firinta, mu buɗe manhajojin da abokan hulɗarmu ke amfani da su, mu bar ta ta kwana biyu. Idan lafiya, sai yara su fita zagaye a ƙarshen mako. Kafin su taɓa komai sai sun kwafe fayiloli a faifan waje, sun tabbatar akwai wuta tsayayya, inbata ko janareta, sannan su cire alamar awo, su sabunta, su mayar da ita. A wurin da kwamfutoci ke da yawa a layi ɗaya muna kunna tsarin da ke sa su raba abin da aka sauke a tsakaninsu, amma mu taƙaita shi ga na'urorin cikin gida kawai. Wannan kaɗai yana rage data sosai a ɗakin kwamfutar makaranta.

Abin da ya fi cin lokacina yanzu shi ne tsofaffin na'urori. Ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina ba Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, kamar yadda aka yi wa Windows 7 a Janairun 2020. Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 sannan, idan injin na'urar (furosesa) na Intel ne, daga zubi na 8 zuwa sama, alhali yawancin kwamfutocin hannu da suka cika ofisoshinmu zubi na 4 zuwa na 6 ne, kuma lafiyarsu ƙalau. An buɗe wa masu amfani na gida ƙarin shekara ɗaya zuwa Oktoban 2026, a kan dala 30 ko kyauta ga wanda ya cika wasu sharuɗɗa da asusun Microsoft, amma wannan jinkiri ne kawai. Akwai dabarun tilasta Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, kuma idan mutum ya dage nakan gaya masa gaskiya cewa Microsoft ba ta yi alƙawarin ci gaba da ba irinta sabuntawa ba.

Ba na ce wa mai ƙaramin shago ya zubar da kwamfutoci shida ya sayi sababbi, na san ba shi da halin haka. Zama muke yi mu rarraba su. Wadda ake shiga banki da imel da shafukan hukumomi a kanta, ita za a fara canjawa. Wadda aikinta zane da manhajar CorelDRAW da buga takarda ne kawai, mu cire ta daga intanet ɗungurungum, mu tsaurara a kan filashin da ake soka mata. Waɗanda ɗalibai ke koyon rubutu da bincike a kansu kuma mun fara mayar da wasu Linux Mint, wata madadin Windows, wadda ke gudu lafiya a tsohon inji kuma har yanzu tana samun gyaranta. Kowace na'ura tana da shafinta a littafinmu: asusun da ke shiga da kansa, wanda ke riƙe da kalmar maigida, ranar sabuntawa ta ƙarshe, da watan da muka yi shawara da mai ita za a canja ta.