Birkin GTO Ƙirar 1966: Aikin da Muke Ɓoyewa a Bayan Taya

Duk Asabar ta uku a watan Agusta, titin Woodward da ya tashi daga Ditiroyit ya nufi garin Pontiac cika yake maƙil da tsofaffin motoci masu ƙaton inji, irin waɗanda Amurkawa suka ƙera daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Tun 1995 ake wannan taro. Garejina ba shi da nisa da titin, don haka daga watan Mayu ko shayi a tsaye nake sha. Kuma kusan kowa kukansa ɗaya: mota ta iya gudu, tsayawa ce ba ta iya ba.

Bara wani dattijo ya kawo mini Pontiac GTO ƙirar 1966, wadda mahaifinsa ya saya sabuwa fil. Har yanzu tayoyinta masu jan zaren nan ne a gefe, tambarin lita 6.5 na nan daram a jikinta. Ya ce yana so ya riƙa ɗaukar jikokinsa a ciki, amma sau biyu tana neman shigar da shi bayan motar mutane a danja. Sai ya ɗora da sharaɗi: "In na buɗe bonet na ga wani abu mai ƙyalli da babana bai sani ba, mun ɓata."

Irin wannan aiki nake so.

Motar nan nauyinta ya kai wajen kilo 1,600, injinta na da ƙarfin doki 335, amma birkin ganga mai faɗin inci 9.5 aka saka mata a duk tayoyi huɗu. Takun farko za ta tsaya lafiya. A na uku ko na huɗu ganga ta yi zafi ta buɗe, layinin ya daina kamawa, ƙafarka na ta nutsewa mota na ta tafiya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in an taka feda, don nata mai rijiya ɗaya ne. Man birkin gaba da na baya duk a hanya ɗaya suke, fayif ɗaya ya fashe, shi ke nan, sai salati. A nan jihar Mishigan kuwa, inda ake zuba gishiri a titi duk lokacin sanyi, tsatsa ba ta barin fayif ya tsufa da mutunci. Daga ƙirar 1967 ne motocin Amurka suka koma masta mai rijiya biyu.

Maganin yana cikin gidan General Motors, kamfanin da ya ƙera motar. GTO da Chevelle da Cutlass da Skylark na 1964 zuwa 1972 'yan ɗaki ɗaya ne ta ƙasa. Birkin faifai da aka saka wa na 1969 zuwa 1972, faifai mai inci 11 da kalifa (ƙarfen da ke matse faifan) mai fistin ɗaya, yana hawa kan ta 1966 ba walda ba yanka, muddin ka haɗa da sandar da taya ke juyawa a kanta da farantin da ke tare ƙura. Baƙin ƙarfe ne zalla, in ka leƙa ta ƙasa ba abin da zai ja idonka. Baya kuma ban taɓa ganga ba, na dai wanke na sa sabon layinin da sifirin, domin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi in an taka birki.

Wurin da ake gane gwani shi ne wili. Tsohon wilin inci 14 da aka yi don ganga sau da yawa cikinsa yana gugar kalifa. Na sha ganin inda wani ya ɗauki giranda ya kankare bayan kalifa don wili ya shiga. Wannan ba gyara ba ne, ganganci ne da ran mutane. Ni sai na nemo wilin inci 14 na motocin da suka fito da faifai, na yi masa fenti irin na asali, murfinsa na da ya koma kansa. Mako uku na yi ina neman guda huɗu da ba su lanƙwashe ba.

Masta na sa na baƙin ƙarfe mai rijiya biyu, mai murfin da ake ɗaurewa da waya. Na gaya wa dattijon gaskiya cewa wannan kamannin 1967 ne, wanda ya san motar sosai zai gane, kuma a nan kaɗai ba zan saurari kowa ba. Sabo, wato tulun nan da ke taya ƙafa matsa birki, na sa mai launin ruwan gwal dusu-dusu irin na kamfanin Delco Moraine, bayan na auna iskar da inji ke zuƙa, wadda sabo ke aiki da ita, na ga ta isa. Akwai kuma ɗan sirri a jikin feda: huji biyu ne, na sama na mota marar sabo, na ƙasa na mai sabo. Ka kuskure huji, birki ya riƙa fizga kamar akuya a igiya.

Duk lokacin da na zo cire iskar da ta shiga fayif ɗin man birki sai na tuna Kaduna. A can na koyi aiki, a kan Peugeot 504, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Shekara guda cur aikina zama a kujerar direba, maigidana na kwance a ƙasa da sifana yana ƙwala mini kira: "Taka! Taka! Riƙe! Kai yaro, na ce riƙe!" Rannan na saki kafin ya ɗaure, iska ta koma, muka sake daga farko cikin zafin azumi. Bai dake ni ba, sai ya aike ni Panteka a ƙafa in sayo man birki. Ita 504 da faifai a gaba ta zo tun 1968, shi ya sa da na iso ƙasar nan na ga motocin da suka ninka ta ƙarfi suna yawo da ganga, na riƙe baki. Yanzu ɗan ƙanwata ne ke zama a kujerar. Akwai na'urar da ke yin aikin ba sai da mutum biyu ba, ya sha ce mini, "Kawu, mu yi da inji mana." Ina da ita. Amma ina so ƙafarsa ta san bambancin feda mai iska da marar iska.

Fayif ne ya fi cin lokaci, kwana uku. Akwai na zamani mai haɗin tagulla da ba ya tsatsa kuma yana lanƙwasuwa da hannu, sai dai launinsa ja-ja ne, daga nesa yake tona asiri. Na ƙarfe nake amfani da shi, in ajiye tsohon a gefe in bi kowace kwana tasa, in naɗe bakinsa ninki biyu, in zura masa wayar nan mai kama da sifirin da ke kare shi daga tsakuwa. Bawul ɗin da ke rage ƙarfin man da ke zuwa baya, don kada tayoyin baya su riga na gaba kullewa, na ɓoye shi a jikin shasi.

Kuma a nan ne rigimata da kwalayen intanet take. Mutum zai shigo da kwali yana murmushi, wai ya samu cikakken saiti a rabin kuɗi, ni dai in ɗaura. Ka buɗe ka tarar da kalifa ja jawur kamar jan baki, da faifai mai huji-huji. Akwai wanda na buɗe na samu kalifa biyu duk na hagu. In ka ɗaura na hagu a dama, bakin cire iska ƙasa yake kallo, iska kuwa sama take taruwa, ko kwana za ka yi kana takawa ba za ta fita ba. Ka kira masu kayan, wata ta haɗa ka da wani, wani ya ce ka turo hoto. Bayan duk wannan mai mota ya tambaye ka me ya sa kuɗin aiki ya fi kuɗin kaya.

Shi ma dattijon sai da ya yi cinikin kwana ukun fayif, duk da ya taka birki sau takwas a jere daga gudun mil 50 a awa motar tana tsayawa a miƙe. Ban rage ba. Tsofaffin gangunansa da masta da kowane noti na shafa musu mai, na naɗe, na rubuta hagu da dama na sa masa a but, saboda ranar da za a sayar da irin wannan mota sai an tambayi kayanta na asali.

Yanzu haka wata Mustang ƙirar 1965 ce a kan jak. Ita ma Ford ta yi mata birkin faifai na kamfanin Kelsey-Hayes mai fistin huɗu tun a zamaninta, shi nake nema. Mai son tasa ta fita a Agusta ya kawo ta kafin ƙarshen Afrilu, kuma ya kira ni kafin ya sayi kwali.