Ciwon hanji ba a ciki kawai yake tsayawa ba

Yayata ta yi shekara biyu tana fama da ciwon hanji, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita, ga kumburin ciki. Amma wallahi abin da ya fi damuna shi ne yadda halinta ya canza, mace mai fara'a ta koma ko biki a unguwar Mabera ba ta zuwa don tsoron cikin ya motsa a cikin mutane, in aka sauya mata tsari kaɗan sai ta rikice.

Gida aka fara cewa ko iska ce. Likita ne ya yi mana bayani, akwai jijiyar vagus da ta haɗa hanji da ƙwaƙwalwa, saƙo na zuwa na dawowa, kuma kusan kashi 90 na sinadarin serotonin, wanda ke da alaƙa da yanayin ran mutum, a hanji ake yin shi. Sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi shi ke sa mutum ya iya sauya tunani, damuwa mai tsawo kuwa tana raunana aikinsa.

Yanzu tana shan magani tana kuma ganin likitan ƙwaƙwalwa, Alhamdulillah. Ranar Juma'a har kasuwa muka je tare.