Abin da cinikin safa ya koya mini a Kasuwar Dole

Safa ba kayan da ake yi wa kallon arziki ba ne. A shagon sarin da nake aiki a Kasuwar Dole, nan Damagaram, can ƙasan kanta muke jibge ta dozin-dozin cikin leda, ba ta motsi sai an koma lakwal ko hunturu ya sauko. Amma ta kanta na gane abin da dokar hana shigo da kaya take yi, da wanda ba ta iya yi.

Mafi yawan safarmu ƴar China ce. Akwai wani gari a lardin Zhejiang, Datang, da kusan ba su da sana'ar da ta wuce saƙa safa, wani na sarrafa zare, wani na rini, wani ɗinkin bakin yatsu kaɗai yake yi. Amurka ma ta ji a jikinta. A watan Oktoban 2004 gwamnatin Bush ta ƙayyade yawan safar da za a riƙa shigarwa daga China, don ceto garuruwa irin Fort Payne na jihar Alabama, mai yi wa kansa kirari da babban birnin safa na duniya. Sai safa ta riƙa kwararowa daga Honduras. A 2008 aka ɗora wa ta Honduras ɗin haraji. Duk da haka masaƙun Fort Payne suka ci gaba da rufewa.

Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Shekara da shekaru Najeriya ta hana shigo da atamfa da yadi don kare masaƙun Kaduna da Kano. Kayan suka koma sauka a Kwatano, su bi ta Gaya su shigo Nijar, a sauke a Maraɗi ko nan, daga baya su sulale ta Magarya ko Matamai sai Kantin Kwari. Gidajen sama nawa aka gina da wannan fito? Masaƙar KTL kuwa, wadda aka buɗe a Kaduna tun 1957, ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL, ita ma ta Kaduna, ta bi bayanta a 2007. Babu wuta, man injin ya yi tsada, injinan sun tsufa. Hani bai gyara ko ɗaya daga ciki ba.

Na taɓa tambayar maigidana lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019: "Alhaji, to yanzu mu da abokan cinikinmu na Daura fa?" Ya ce, "Kai dai ɗaure kayan ƙanana-ƙanana, yadda babur zai ɗauka." Haka kuwa aka yi har aka buɗe a Disamban 2020. Kwalin da mota ke kaiwa a yini guda sai a raba shi gida huɗu, a naɗe a buhu, ya bi daji. Mai babur ya ci, mai nuna hanya ya ci, mai tsaron hanya ma ba a bar shi hannu rabbana ba, kuma duk a kan uban da zai saya wa ɗansa farar safar makaranta ake fanshewa.

Ba ina cewa ƙasa ta zuba ido kayan waje su binne masu saƙarta ba ne. Mu ma masaƙar da muka yi a Yamai, SONITEXTIL, ba ta ji da daɗi ba, kuma abin da ciwo. Sai dai a abin da na gani, hani lokaci kawai yake saya wa masaƙa, in ba a yi komai da lokacin ba, ɗan tsakiya ne ke kwashe ribar. Ni ma cikinsu nake cin abinci, shi ya sa na sani.

Tun da aka rufe iyakarmu da ƙasar Binin a 2023, kayanmu ta Lome da Burkina suke zagayowa, cikin ayarin motoci da rakiyar soja, su daɗe a hanya. Kuɗin dozin ya hau. Masu tebur da ke sari wajenmu da yawa sun koma ga dilar gwanjo, su baje a tabarma su yi ta neman ƙafar da ta yi kama da ƴar'uwarta, su haɗa su sayar.