Mako na bakwai a kan aska biyu

'Yan'uwa masu koyon ɗinkin hannu, yau mako bakwai ke nan ina fama da aljihun babbar riga guda, ina yi masa aska biyu, wato zanen nan mai dogayen tsini biyu kamar aska. Aska ɗaya ta cika, ta biyun kuwa sau uku ina warware ta, don da na iso tsini sai zaren ya taru ya kumbura kamar maruru. Ga sanyin Jos na wannan wata, yatsu ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga, dole na mayar da zaman ɗinki bayan azahar.

Zanen da nake bi na kakana ne. Ya baro Zariya yana saurayi a ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya fara shigowa Jos a 1914 aka tsayar da shi a 1957. Kuɗin kuza ya zo nema kamar kowa, bai daɗe ba ya ga allura ta fi masa ɗaukar ƙasa a kwanon sarki sauƙi, ya zauna a Gangare yana yi wa 'yan kasuwa aikin riga. Da na tambayi Goggo ko ya bar littafin zane, har da riƙe ciki don dariya. "Ke 'yar nan, wane littafi? Malam ne zai zo da alƙalami da tawada ya zana a jikin rigar, Baba ya bi da zare ya rufe." Ashe zanen yana ƙarƙashin zare, rigar na mutuwa shi ma ya tafi.

Shi ya sa zanukan da nake tarawa duk kwafi ne. Ina shimfiɗa riga a tabarma, in ɗora leda mai haske, in bi da biro a hankali, sannan in mayar kan kwali in rubuta inda na samo. Sun kai 19 yanzu. Huɗu daga adakar Goggo, wasu na maƙwabta, uku kuma tsofaffin riguna ne da na tsinto a kasuwar Katako, inda mai kayan ya ninka kuɗi da ya ga ina leƙa wuya maimakon in duba yaga. A cikin zanukan akwai aska takwas, dagi, gidan biyar. Na haɗa da furanni da ɗawisun da Goggo ke sa wa zanen gado da rigar filo da takardar kabon tun tana amarya. Wasu na raina su, ni ban ga dalili ba.

Wadda ta fi cin lokacina wata rigar saƙi ce, aikin kakana, mai warin kafur, asu ya cinye kafaɗarta. Da tsamiya aka yi aikin, zaren nan mai ruwan ƙasa da ake samu daga gidan tsutsa, a dafa da ruwan toka a kaɗa da hannu. A tambarin baya, wato zanen da'irar da ke bayan rigar, zaren ya goge wuri guda, sai ga layin tawadar malam ya fito, ya koɗe ya yi ja-ja. Kakana bai bi shi ba! Ya kauce kusan faɗin yatsa don da'irar ta zauna daidai. Na juya rigar, ban ga ƙulli ko ɗaya ba, a nan kuma na lura daga tsini yake fara aska ya hauro, ni kuwa saukowa nake yi da zare mai kauri. Jiya na raba zarena na kamfanin DMC mai sili shida zuwa uku, na fara daga ƙasa. Tsinin ya fito, ko da yake ya ɗan karkata hagu.

Goggo ta ɗaga shi a haske ta ce, "Da Baba na da rai, mace ba ta taɓa masa aljihu." Na ce mata yanzu a birnin Zariya mata ne suka riƙe aikin hannu, maza da yawa sun koma keke. Ta taɓe baki, ta ce in gyara karkatar.

In kun samu tsohuwar riga kada ku yi gaggawar wankewa, kada kuma ku danna biro, leda na hujewa. Ranar Asabar wata tsohuwa a Unguwar Rogo za ta buɗe mini malum-malum ɗin mijinta, da sharaɗin ba za ta fita daga ɗakin ba, don haka zan tafi da leda biyu da fitila.